Girman Baki Ke Ceton Ɗan Kifin Bas Daga Sanyin Hunturu

A tafkuna da kogunan gabashin Amurka ta Arewa, musamman kwarin kogin Misisifi, akwai wani kifi da ake kira bas mai babban baki. An raɗa masa wannan suna ne domin muƙamuƙinsa na sama yakan zarce bayan idonsa. Masana kifaye sun gano cewa rayuwar ɗan wannan kifi ta rataya ne ga saurin faɗaɗar bakin nan cikin watanninsa na farko.

Da bazara, idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyos, namiji yakan share gurbi a inda ruwa ba shi da zurfi, macen ta zuba dubban ƙwai a ciki. Shi ne kuma ke gadinsu har su ƙyanƙyashe bayan 'yan kwanaki. Da fari 'ya'yan sukan rayu da ragowar gwaiduwar da ke manne a cikinsu. Da ta ƙare sai su taso garke guda, uban na tsaronsu, suna cin mitsi-mitsin halittun ruwa da ido ke gani da ƙyar. Daga nan su koma kan tsutsotsin ƙwari.

Babban canji yakan zo ne sa'ad da tsawon ɗan kifin ya kai kamar santimita 5, watau inci 2. A nan yake soma farautar 'ya'yan wasu kifaye, har da 'yan'uwansa da suka kasa shi girma. Bas ba ya gutsurar abinci, haɗiyewa yake yi ɗungum, saboda haka duk abin da ya fi ƙarfin bakinsa ya tsira. Wanda ya riga ƙyanƙyashewa yakan tarar da 'ya'yan kifaye tun suna ƙanana, ya ci ya yi ɓulɓul. Wanda ya makara kuwa sai ya iske sun girme wa bakinsa, tilas ya ci gaba da kalacin ƙwari, girmansa ya tsaya.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Idan hunturu ya shigo, ruwa ya yi sanyi, cin abinci yakan ragu, kowa ya dogara ga kitsen da ya tara. Ƙananan su ne yunwa ke kashewa, ko manya su haɗiye su.

Wannan haɗama ta zama masifa a wasu ƙasashen da aka kai shi. A 1925 aka zuba shi a tafkin Ashi na Japan, daga baya ya bazu, ya yi wa kifayen ƙasar ɓarna, har a 2005 doka ta hana shigo da shi ko sakin sa a sabon ruwa. A tafkin Biwa na can aka kama wani mai nauyin sama da kilo 10 a 2009, daidai da wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya ta Amurka a 1932. Duk wanda ke sha'awar zuba baƙon kifi a ruwan ƙasarsa, ya kamata ya fara sanin abin da bakinsa zai haɗiye.