Wuta Da Rana, Ƙanƙara Da Asuba: Karanta Hasashen Watan Maris A Filayen Amurka

Wani tsohon ɗalibina da ke ƙaro karatu a jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka ya turo mini hoton hasashen yanayi na mako guda, ya biyo shi da tambaya: "Malam, wannan hasashe ne ko canki-canka?" Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, cikin kwana huɗu kacal an yi musu gargaɗin gobarar daji ranar Talata, an ce su lulluɓe shuke-shuken ƙofar gida a daren Laraba domin raɓa za ta daskare, sannan ga yiwuwar ruwan sama kashi 30 cikin 100 ranar Juma'a. Bakatsine ne, ya tashi inda kowane yanayi ke jiran lokacinsa: hunturu ya wuce, bazara ta shigo, damina ta biyo baya. Ban ga laifinsa ba. Amsar da na ba shi ita ce, waɗannan abubuwa uku uwarsu ɗaya, kuma duk wanda bai san dangantakarsu ba zai karanta hasashen a baibai.

Akwai matsalar suna da ya kamata a kawar tukuna. Lokacin da ke biyo bayan hunturun Turawa, daga Maris zuwa Mayu, 'yan jaridarmu sun saba fassara shi da bazara. Fassarar ba ta zauna daidai ba. Bazararmu zafi ne tsagwaronsa, ana jiran hadari. Tasu kuwa lokaci ne da ƙasa ke farkawa daga sanyi, itatuwan da suka kakkaɓe ganye su sake toho. Saboda haka zan kira shi lokacin toho.

Manyan filayen tsakiyar Amurka sun miƙe tun daga Texas har cikin Kanada, babu wani jerin tsaunuka da ya gitta daga gabas zuwa yamma balle ya tare iska. A watan Maris iskoki uku ne ke kokawa a kan wannan fili. Akwai mai tsananin sanyi da ke gangarowa daga Kanada, akwai mai danshi da ke tasowa daga Tekun Meksiko, akwai kuma busasshiya mai ɗumi da ke fitowa daga hamadar kudu maso yamma, wadda ke ƙara zafi da bushewa yayin da take saukowa daga tsaunukan Rocky. Wadda ta yi rinjaye yau, gobe an kayar da ita. Hasashen da ɗalibina ya gani labarin wannan kokawa ne.

Mu fara da wutar. Ciyawar da ta fito bara sanyin hunturu ya riga ya kashe ta, tana tsaye a bushe, sabuwa kuma ba ta fito ba. Masana gobara suna sanya irin wannan ciyawa a rukunin abubuwan da danshinsu ke sauyawa cikin kimanin awa guda. Ke nan ko an yi yayyafi da safe, in rana ta buɗe iska ta taso, kafin la'asar ta koma abincin wuta. Idan danshin iska ya faɗi ƙasa ƙwarai, ga kuma iska mai ƙarfi, hukumar hasashen yanayi ta ƙasar kan fitar da abin da suke kira gargaɗin jar tuta. Ba ya nufin wuta ta tashi. Yana nufin in ta tashi, kashe ta sai an sha wuya.

Ranar 26 ga Fabrairun 2024 an ga abin da wannan gargaɗi ke ɗauke da shi. Wata tsohuwar falwayar lantarki da ta ruɓe ta faɗi a kan busasshiyar ciyawa kusa da garin Stinnett a arewacin Texas. Ruwan da aka samu a 2023 ya sa ciyawa ta yi kauri, zafin ranar ya zarce na al'ada nesa ba kusa ba, iska kuma na kaɗawa daga yamma. Gobarar, wadda aka laƙaba wa suna Smokehouse Creek, ta cinye sama da hekta 400,000, filin da ya fi jihar Legas girma, ta tsallaka har Oklahoma. Ita ce mafi girma a tarihin Texas. Mutum biyu sun rasu, dubban shanu sun halaka, wasu da suka tsira da rai dole aka kashe su saboda kofatansu da hantsarsu sun ƙone.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan gobara shi ne rawar da sanyi ya taka. Wutar da iskar yamma ke korawa takan yi siffar doguwar igiya, bakinta siriri a gabas, gefenta mai tsawon kilomita da yawa. Washegari sai iskar sanyi ta iso daga arewa. Nan take wannan dogon gefen ya zama shi ne bakin wutar, ta juya ta nufi kudu da faɗin da ba a yi mata shiri ba. Iskar da mutum zai zata ita ce za ta kawo sauƙi, ita ce ta ninka ɓarnar. Ranar 29 ga wata kuma dusar ƙanƙara ta sauka a kan toka. Cikin kwana huɗu, gari ɗaya ya ga zafi, wuta da ƙanƙara.

To me ya haɗa bushewar rana da daskarewar asuba? Tururin ruwan da ke cikin iska tamkar bargo ne. Shi da gajimare ne ke riƙe zafin da ƙasa ke fitarwa da dare. Bayan iskar sanyi ta wuce, sama takan washe, iska ta kwanta, danshi kuma babu. Sai zafin ƙasa ya tsere ba abin da ya tare shi. Mutumin Kano ko Damagaram ya san wannan a jikinsa: ranar da hunturu ya fi fasa leɓe, daren ranar ne aka fi neman bargo, kuma a watannin ne kasuwanninmu suka fi kamawa da wuta. Bambancin kawai, a can ma'auni kan gangara ƙasa da sifili. Ko da an auna digiri 2 ko 3 sama da sifili a tsayin mutum, ganyen da ke dab da ƙasa na iya daskarewa. Iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, tana malala kamar ruwa ta taru a kwari, shi ya sa gonar da ke gangare kan tsira, ta maƙwabci da ke ƙasa ta ƙone.

Sanyin kansa ba shi ne abin tsoro ba, domin itacen da ke barcin hunturu yana jure fiye da haka. Haɗarin yana ga wanda ɗumin wuri ya yaudara ya farka. Tuffa da ta cika fure, digiri 2 ƙasa da sifili na rabin awa kan kashe kusan kashi 10 cikin 100 na furen. In ya kai digiri 4 ƙasa da sifili, sai a rasa kusan kashi 90. Tazarar digiri biyu ce tsakanin shekarar riba da shekarar bashi. A Maris ɗin 2012 jihar Michigan ta ga zafin da ba a saba gani ba, itatuwan ceri suka yi fure makonni kafin lokaci, sanyin Afrilu ya dawo ya tafi da kusan kashi 90 cikin 100 na amfanin shekarar. Haka ta faru da manoman inabi a Faransa a Afrilun 2021. Duniya ta sha kallon hotunan gonakin Burgundy cike da dubban tukwanen wuta da aka kunna tsakanin kunyoyi cikin dare. Hotunan sun yi kyau a ido, amma na mutanen da ke kallon dukiyarsu tana salwanta ne, har sai da gwamnati ta ware euro biliyan 1 na tallafi.

Saura ruwan sama, kuma a nan ne na fi ganin masu ilimi ma suna tuntuɓe. Kashi 30 cikin 100 ba ya nufin za a yi ruwa na kashi 30 na yinin, ba kuma ya nufin ɗan kaɗan za a yi. A ma'anar hukumar yanayin Amurka, yiwuwar ce ta samun aƙalla rubu'in milimita na ruwa a wurin da kake tsaye cikin lokacin da aka ambata. In aka yi irin wannan hasashe sau goma, sau uku ruwan zai taɓa ka, sau bakwai ba zai zo ba, kuma a duka goman mai hasashen bai yi ƙarya ba. Lambar ba ta ce komai game da yawan ruwan ba. Rubu'in milimita ko ƙura ba ya kwantarwa sosai. Makiyayin da ya ga kashi 60 ya saki jiki ya cinna wa makiyayarsa wuta, kamar yadda masu kiwo a tuddan Flint na jihar Kansas ke yi da gangan kowane Maris da Afrilu domin sabuwar ciyawa ta fito, yana iya wayar gari ya ƙone maƙwabta. Shi ya sa gogaggu a cikinsu suka fi duba ƙarfin iska da inda za ta juya, kafin su dubi lambar ruwa. Wani lokaci ma hadarin kan zo da tsawa da walƙiya, ruwan ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba, ya bar wuta a baya.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Biri da gada. Akwai ruwansa. A waɗannan filaye na Kansas, Oklahoma da Texas ake noma alkamar da ake shukawa a Satumba da Oktoba, ta kwana cikin hunturu, ta farka a Maris. Da zarar ta fara miƙa kara tana yin gaɓoɓi, sanyin digiri 4 ƙasa da sifili na awa biyu ya isa ya yi mata illa, kuma a daidai lokacin ne ta fi bukatar ruwa. Najeriya ta daɗe cikin manyan masu sayen alkamar Amurka, alhali abin da muke nomawa a Kano, Jigawa da sauran wurare bai kusa isar mu ba. Daren sanyi guda a yammacin Kansas na iya motsa farashi a kasuwar hatsi ta Chicago, bayan watanni kuma mai shayi a Sabon Gari ya ce biredi ya tashi.

Yaudarar ɗumin wuri ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sai dai da wata fuska take zuwa. Ruwan farko ya sauka a Afrilu ko farkon Mayu, manomi ya fita da iri, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako uku. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da kuma tsawon ɗaukewar da ake tsammani a tsakani. Jaridunmu, har da wannan shafi, mun fi ɗaukar ranar saukar ruwan mu yi kanun labari da ita, mu bar maganar ɗaukewar a can ƙasa, alhali ita ce ke cinye irin talaka.

Ɗalibin nawa ya sake rubuto mini a ƙarshen makon. Ya ce ruwan Juma'a bai zo unguwarsu ba, amma tumatirin da maƙwabcinsa ya ƙi lulluɓewa ya wayi garin Alhamis baƙi ƙirin.