Lambar da Ta Fi Motar Tsada

A watan Agustan 2023 aka yi gwanjon wata ƙonanniyar motar tsere ƙirar Ferrari 500 Mondial ta 1954 a Monterey ta Amurka, aka saye ta kusan dala miliyan 1.9. Mutane suka yi ta dariya, wai masu kuɗi sun rasa abin yi da dukiya. Ba su gane abin da aka saya ba. Lambar casis aka saya, 0406 MD, wadda ke bai wa mai ita damar sake gina motar, duniya kuma ta yarda ita ce ta asali.

Tantance motar zamani ba wuya. Tun 1981 Amurka ta tilasta lamba mai gurbi 17, gurbi na goma yana nuna shekarar ƙira. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa. A shekarun farko Ferrari kan ba motocin tsere lamba cika, na titi kuma lamba mara. Masana kan gwada lambar casis da ta inji da ta giya da kundin kamfanin.

Sai dai lamba kaɗai ba ta yanke hukunci, kuma nan ne tarihin da aka manta yake. A 1990 wata kotu a Ingila ta saurari shari'ar motar Bentley mai laƙabin Old Number One, wadda ta lashe gasar Le Mans ta Faransa a 1929 da 1930. An yi cinikinta fam miliyan 10, sai mai saye ya tubure cewa ba ita ba ce, tunda an sauya mata sassa da dama, ta kuma yi mummunan hatsari a filin tseren Brooklands a 1932. Alƙali ya ba mai sayarwa gaskiya, domin an iya bin sawun motar daga gyara zuwa gyara, babu giɓi. Takardu da shaidu ne suka cece ta.

To mu fa? Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, amma wa ya adana tarihin ko da Peugeot 504 guda ɗaya? Mukan sayi mota mu duba fenti da taya, ba ma sunkuyawa mu gwada lambar jikinta da ta takardar kwastan. Haka motar sata ke shiga gidan mutumin kirki. Hukumomin rajista su daina wasa da kundinsu, mai saye kuma ya duba lamba kafin ya ƙirga kuɗi.