Yadda Ake Sauya Saƙon Murya Domin Ya Buɗe a Kowace Na'ura

'Yan'uwa, sau da dama mutum yakan sami saƙon murya mai daraja a wayarsa: gaisuwar ɗa da ya tafi cirani, bayanin malamin asibiti a kan yadda za a sha magani, ko muryar tsohon da ya riga ya rasu. Sai a tura saƙon zuwa wata waya, ko a sa memorin a rediyo domin iyali su ji, ya ƙi buɗewa. Yawanci saƙon bai lalace ba. Mazubin da aka zuba shi ciki ne na'urar ba ta gane ba.

Ana gane mazubin ta haruffan da ke ƙarshen sunan fayil. Ƙananan wayoyi da yawa suna ɗaukar murya a AMR, wanda aka tsara a 1999 domin maganar waya kaɗai, kuma minti guda a cikinsa bai kai kilobait 100 ba. Saƙon WhatsApp yana zuwa a Opus, wanda aka tsayar a 2012. Na iPhone kuwa yakan fito a M4A. Akwai kuma WAV na kamfanonin Microsoft da IBM tun 1991, wanda ba ya matse sauti, amma yana cin wuri: minti guda mai ingancin faifan CD ya ɗan haura megabait 10.

Shawararmu ita ce MP3. An tsayar da shi tun farkon shekarun 1990, kuma da wuya a sami waya ko rediyo mai cin memori da ba ya karanta shi.

Wasu sukan goge ƙarshen sunan su rubuta mp3, suna tsammani an gama. Wannan kamar rubuta "gero" ne a jikin buhun dawa. Sai an sa manhaja ta karanta sautin ta sake zuba shi a sabon mazubi. VLC kyauta ce a kwamfuta. A buɗe ta, a shiga "Media", a danna "Convert/Save", a ɗauko fayil ɗin, a zaɓi "Audio - MP3", a ba sabon fayil suna, sannan a danna "Start". Wanda ba shi da kwamfuta ya nemi taimakon masu tura waƙoƙi a kasuwa, amma ya tsaya a wurin har a gama, ya ga an share saƙon daga na'urarsu. Shafukan intanet masu yin wannan aiki ma suna nan, sai dai mu tuna cewa muryar tana tafiya hannun baƙi ne. Maganar rashin lafiya, bashi ko gado ba ta dace da wannan hanya ba.

Sauyawa ba ta gyara murya. AMR, Opus da MP3 duk suna zubar da wani sashe na sautin domin fayil ya ƙanƙance, kamar yadda ake tankaɗe gari, kuma abin da rariya ta fitar aka zubar ba ya komowa. In aka sauya kwafi daga kwafi sau uku ko huɗu, muryar takan dushe. Saboda haka kada a share na asali. A ajiye shi a wuri biyu, kuma duk sabon kwafi a ciro shi daga na asalin. In saƙon zai zama shaida a gaban mai gari ko kotu, a bar shi a wayar da ya shigo, kada a taɓa shi.

Saƙon da mai kira ya bari sa'ad da waya take a kashe dabam yake. Galibi yana wurin kamfanin layi ne, ba cikin wayar ba, kuma sukan share shi bayan wani lokaci. In babu hanyar sauke shi, a shiga ɗaki mara hayaniya, a kunna shi a lasifika, a ɗauka da wata waya, a kuma saurara har ƙarshe kafin a tashi.