Tabon Da Ke Fitowa A Bayan Ido

Kowa ya san yana, kowa ya san hakiya. Su biyun suna wajen gaban ido ne, har mai duban mutum ya kan hangi farinsu. Amma akwai wata cuta da ba a hangenta sai da madubin likita, domin can ƙuryar ido ta ke. Mai ita za a ga idonsa garau, alhali gani na gudunsa. Wannan cuta tabo ne, ɗan'uwan wanda ke fitowa a fata bayan miki ya warke.

Kafin a gane ta sai an san yadda cikin ido ya ke. Ƙwayar ido kamar ɗan ɗaki ce kewayayye. A jikin bangonsa na baya, daga ciki, akwai wani tantani shimfiɗe kamar yaɓe, wanda kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, watau kusan ɓawon albasa. Likitoci na ce da shi retina, mu kuwa a nan za mu ce tantanin gani. Shi ke karɓar haske ya aika da labari ga ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. A ƙarƙashinsa akwai jerin waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta masu duhun launi, jeri ɗaya tak, waɗanda aikinsu ciyar da tantanin da share masa datti. Tsakar ɗakin kuwa cike ta ke da wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai.

Sa'ad da mutum ya manyanta wannan ruwa ya kan tsinke, ya takura, ya janye daga jikin tantanin. Ga yawancin mutane ya kan rabu lafiya. Ga waɗansu kuwa ya kan fizgi tantanin ya yage shi. Bugu a ido, ko sukar ƙaya ko ƙarfe, su ma suna kawo haka. In an sami yaga sai ruwa ya bi ta nan ya shiga ƙarƙashi, tantanin ya ɗago kamar yaɓen da damina ta ci.

To, daga nan ne tabon ke samun ƙofa. Ƙwayoyin nan masu duhu, waɗanda tun haihuwar mutum suna zaune wuri ɗaya ba su motsi, sai su saki mazauninsu su bi ta yagar su faɗa cikin ruwan, su sauka a fuskar tantanin. Abin mamaki, in sun isa can sai su sāke hali. Launinsu ya kan ragu, su miƙe su yi tsawo, su shiga yaɗuwa, su fara saƙa zaruruwa irin waɗanda jiki ke ɗinke miki da su. Ba su kaɗai ba ne. Akwai waɗansu ƙwayoyi a cikin tantanin kansa waɗanda ke tallafe shi kamar azara, ana kiransu da sunan Heinrich Müller, Bajamushen da ya bayyana su a 1851. Su ma su kan leƙo su shiga aikin. Jini in ya zuba cikin ido, ko kumburi in ya daɗe, suna ƙara zuga su, domin a cikin jini akwai abubuwan da ke umurtar ƙwayoyin jiki su yaɗu su rufe rauni.

Jiki dai gyara ya ke nufi. Amma duk wanda ya ga yaron da wuta ta ƙona a hannu ya san halin tabo: in ya nuna sai ya ja, har yatsa ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Fata na da kauri, tana iya jimrewa. Tantanin gani ba shi da wannan ƙarfi. Da tabon ya fara ja sai tantanin ya tattare, ya yi ƙunci kamar bakin jakar da aka zuge, ya sandare. Yagar da aka riga aka toshe ta kan sake buɗewa, ko wata sabuwa ta fito. In abin ya yi nisa tantanin duka ya kan naɗe kamar mazurari.

Tun wajen 1920 wani likita na Luzan a ƙasar Suwizalan, Jules Gonin, ya nuna cewa in aka toshe yagar tantanin ya kan koma mazauninsa. Daga lokacin nan har yau babban abin da ke ɓata wannan aiki shi ne tabon. Cikin mutum ɗari da tantaninsu ya ɗago ta dalilin yaga, biyar zuwa goma su kan gamu da shi, yawanci cikin 'yan makonni ko wata biyu zuwa uku bayan an yi musu aiki. Wanda ya daɗe bai zo asibiti ba, da mai babbar yaga, da wanda aka soka a ido, su suka fi shiga hatsarin.

Akwai wani iri mai sauƙi da ke samun tsofaffi ko ba yaga. Wani siririn tantani ne ke rufe tsakiyar tantanin gani, wurin da mu ke karatu da gane fuska da shi. Mai shi ya kan ga layin rubutu ko dogon sanda ya karkace. Wannan a hankali ya ke tafiya, da yawa ma ba su bukatar aiki.

Irin da ya fi damunmu a ƙasar nan shi ne wanda ke biyo ciwon sukari da sikila. Cikin cututtukan nan biyu ƙananan jijiyoyin jinin tantanin kan toshe, sai jiki ya tsiro da sababbi marasa ƙwari, su zo tare da zaruruwan tabo. Su kan zubar da jini, sa'an nan su ja tantanin. Mai sikila irin ta SC, wanda ciwon ƙashi bai cika matsa masa ba, shi ya fi mai SS fama da wannan, saboda haka kada sauƙin jiki ya ruɗe shi. Haka kuma masu yawo ƙauye ƙauye suna kwantar wa mutane da yana da tsinke: suna tura yanar ne cikin ruwan nan mai yauƙi, kumburin da ke biyo baya kuwa abincin tabo ne.

Har yanzu ba a sami maganin sha ko na ɗigawa da ya tabbata yana narkar da wannan tabo ba. Sai aiki. A 1970 Robert Machemer, a Miyami ta Amurka, ya fara tsotse ruwan cikin ido da ɗan siririn bututu, a kan hanyarsa kuwa a ke har yau. Likita ya kan cire ruwan, ya ɓare tabon da ɗan hantsaki, ya mayar da tantanin, ya ɗaure shi da hasken leza, sa'an nan ya cika idon da wata iska ko man silikon don su danne shi. Wanda aka sa wa iska lalle ya ajiye kansa yadda aka umurce shi, kada kuma ya hau jirgin sama sai likita ya ce iskar ta ƙare. Ko da aiki ya yi kyau gani ba ya cika komowa kamar dā, wani ma sai an maimaita masa.

Tantanin gani ba ya jin zafi, don haka kada a jira ciwo. Wanda ya ga walƙiya a gefen ido, ko baƙin abu kamar ƙudaje ya yawaita farat ɗaya, ko duhu na saukowa kamar labule, ya nufi asibitin ido ran nan, kada ya bari sai an gama girbi. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da asibitocin koyarwa. Mai ciwon sukari ya kai idonsa a buɗe baƙin da magani a duba bayansa sau ɗaya a shekara, ko yana gani sarai. Mai sikila kuwa a fara kai shi tun yana shekara goma.