Rumbun Kalmomin Sirri: Yadda Ake Adana Mabuɗai a Na'urar Linux

Ɗalibin da ya taso daga Surko ko Sara ko Gwaram zuwa Birnin Kudu da nufin neman shiga jami'a, kafin ya kammala hidimarsa sai ya tarar ya mallaki ƙofofi da dama a intanet, kowace da kalmar sirrinta. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma daga 2021 ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa. Ga akwatin imel, ga shafin makarantar da yake nema, ga asusun banki, ga kuma shafin bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne mai shagon kwamfuta ya zaɓa masa kalma guda, galibi lambar wayarsa ko sunansa haɗe da shekarar haihuwa, ya yi ta maimaita masa ita a duk inda aka buƙata. Ɗalibi ya koma gida, mabuɗinsa kuwa yana hannun wani.

Laifin ba na kasala ba ne kaɗai, yanayin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ne. A shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa: ya riƙa haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, sannan ya auna yadda suke zubewa. Ya gano cewa cikin awa guda fiye da rabin wahalar haddar ta tafi a banza. To, kalmar sirri mai ƙarfi ita ce ainihin irin waɗannan gaɓoɓi marasa ma'ana. Ƙwaƙwalwa takan riƙe abin da ta iya ɗaurawa a jikin wani abu da ta riga ta sani, shi ya sa mutum yake komawa ga sunan ɗansa ko lambar wayarsa, wato daidai inda ɓarawo zai fara lalube.

Lissafin abin ba shi da wuya. Lambar waya a Nijeriya tana da alƙaluma 11, amma huɗun farko sanannu ne, irin su 0803 da 0806. Saura bakwai ke nan, wato hanyoyi miliyan 10 kacal. A ɗauka cewa na'urar ɓarawo tana gwada kalma biliyan ɗaya a daƙiƙa guda: za ta ƙare su kafin ƙiftawar ido. Ƙananan haruffa takwas na boko suna ba da hanyoyi kimanin biliyan 209, waɗanda wannan na'ura za ta cinye cikin minti uku da rabi. Amma idan aka zaɓo kalmomi shida ta hanyar ƙuri'a daga jerin kalmomi 7,776, kamar yadda Arnold Reinhold ya tsara a 1995, sai na'urar ta shekara kusan miliyan bakwai kafin ta gama zagayensu.

Maimaita kalma guda a ko'ina ya fi gajartarta haɗari. Dattawan manoma ba su manta da 1975 ba, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa, ta share gonaki a faɗin Arewa. Inda shuka ba ta da bambancin iri mai jure cuta, abin da ya kama gona ɗaya shi zai kama ta kusa da ita. Haka lamarin kalmar sirri yake. A 2009 aka fasa kamfanin RockYou na Amurka aka kwashe kalmomi kimanin miliyan 32 da aka ajiye a fili, kuma wadda ta fi kowace yawa a ciki ita ce 123456. Satar da aka yi wa Yahoo a 2013 ta shafi asusu biliyan uku. Masu kutse sukan ɗauki irin waɗannan jerin su yi ta gwadawa a wasu shafuka, don sun san mai kalma ɗaya a nan shi ne mai ita a can.

Yadda rumbun yake aiki

Maganin da masana suka samar shi ne wata manhaja da za a iya kira rumbun kalmomin sirri. Ita ce take ƙirƙiro wa kowane shafi doguwar kalma ta daban, ta adana su duka a fayil guda, ta kulle shi da kalma ɗaya tak, wadda ita kaɗai mutum zai haddace. Wannan ita ce uwar kalma. Abin da ke cikin fayil ɗin an juya shi zuwa wani irin zaurance na lissafi, galibi da tsarin AES mai mabuɗi na bit 256, wanda hukumar ma'aunai ta Amurka ta amince da shi a 2001. Wanda ya saci fayil ba tare da uwar kalma ba, tarkacen alƙaluma kawai zai gani.

Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Manhajar ba ta amfani da uwar kalma kai tsaye a matsayin mabuɗi. Sai ta fara tura ta cikin wani lissafi mai nauyi da aka tsara da gangan don ya ci lokaci da gurbin ajiyar na'ura, kamar Argon2 da ya lashe gasar masana a 2015. Mai rumbu zai jira kamar daƙiƙa ɗaya, ba zai ma kula ba. Shi kuwa ɓarawo, kowane gwaji ɗaya sai ya biya wannan farashi, don haka biliyan ɗin nan tasa takan ragu zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Me ya kawo Linux da buɗaɗɗen tushe?

Ranar 25 ga Agusta, 1991, wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta wani tsarin tafiyar da kwamfuta don sha'awa. Bayan kwana biyu aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, saboda haka ana iya cewa sa'o'in juna ne. Linux kyauta ne, kuma wasu nau'o'insa suna tafiya lafiya a tsofaffin na'urori, abin da ya ƙara muhimmanci ga makarantu tun da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a Oktoban 2025. Wayar Android ma a kan ƙwaryar Linux aka gina ta.

Buɗaɗɗen tushe na nufin an baje rubutun da aka gina manhaja da shi, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Mai karatu zai iya tambaya: ashe ba ganganci ba ne maƙeri ya nuna wa duniya cikin kwaɗonsa? Auguste Kerckhoffs ya amsa wannan tun 1883, inda ya ce tsarin sirri nagari shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda aka ƙera shi ba zai buɗe ba, matuƙar mabuɗi bai shiga hannunsa ba. Ka'idar binciken kimiyya ma ke nan: sakamakon da ba a bayyana hanyar samunsa ba, ba a dogara da shi. Sai dai buɗewa ba ta nufin rashin aibu. A 2023 an gano wata ɓaraka a KeePass da ke ba da damar tsinto uwar kalma daga ma'ajiyar wucin gadi ta na'ura, aka toshe ta a fitowa ta 2.54. A Maris na 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya bankaɗo ƙofar ɓoye da aka dasa cikin wata manhajar Linux mai suna xz. Fa'idar ita ce an samu mai dubawa, kuma ya samu abin da zai duba.

Uku ne suka fi shahara. KeePass, wanda Dominik Reichl ya fara a 2003, an yi shi ne domin Windows, amma daga zuriyarsa aka samu KeePassXC a 2016, wanda ke zaune daram a Linux. Yana ajiye rumbu a cikin na'urar mutum, ba ya buƙatar intanet, kuma manhajar KeePassDX tana buɗe wannan fayil a wayar Android. A Ubuntu ko Linux Mint, umarnin sudo apt install keepassxc ya wadatar. Na biyu shi ne Bitwarden, na Kyle Spearrin, shi ma daga 2016: yana kulle rumbu a na'urar mai shi, sannan ya aika kwafi zuwa ma'ajiyar kamfanin domin waya da kwamfuta su riƙa tafiya tare. Na uku, pass, na Jason Donenfeld, na masu sha'awar rubuta umarni ne, kuma yana barin sunayen shafuka a fili ko da yake kalmomin a kulle suke.

Ga mazaunin ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, inda layin sadarwa kan ɗauke kuma kuɗin data ba abin wasa ba ne, KeePassXC ya fi dacewa. Ajiya a hannun kamfani tana da sauƙi, amma tana tara rumbunan jama'a wuri guda. A 2022 ɓarayi sun kwashe kwafin rumbunan masu hulɗa da LastPass, wanda tushensa a rufe yake. Daga nan kariyar kowane mutum ta koma kan ƙarfin uwar kalmarsa kawai.

Wanda ya zaɓi riƙe rumbunsa da kansa ya ɗauki nauyi biyu. Na farko, kwafi: na'ura kan lalace, wuta kan ƙone ta, waya kan faɗa rijiya, don haka wajibi ne a ajiye fayil ɗin a wuri biyu ko uku, ɗaya a filashi, a kuma sabunta shi duk sanda aka ƙara kalma. Na biyu, uwar kalma: idan aka manta ta, babu ofishin da za a kai kuka. Ya kamata a rubuta ta a takarda a adana tare da takardun gona da na makaranta, inda gara da damina ba za su kai ba, a kuma sanar da amintacce guda a cikin iyali saboda halin rai.

A ɗakin kwamfutar makaranta kada ɗalibai su yi tarayya a rumbu guda, kada kuma wani ya buɗe nasa a na'urar shago da bai san abin da aka dasa mata ba, domin akwai manhajojin da ke naɗe duk harafin da aka danna. Malami zai iya fara darasin da allo da alli: ya sa ɗalibai su lissafa hanyoyin lambar katin banki mai alƙaluma huɗu, su samu 10,000, sannan su gano da kansu dalilin da ya sa na'urar cirar kuɗi take rufe kati bayan kuskure uku. Wani abu guda da rumbun ba ya iya tsarewa shi ne bakin mai shi. Idan wani ya bugo waya ya ce daga banki yake, ya nemi lambar BVN ko lambar da aka turo ta saƙon tes, lissafin AES ba shi da ta cewa a wannan wuri. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya, kuma abin yi shi ne a katse kiran a tafi reshe mafi kusa da ƙafa.