Sake Iyakokin Kaso a Faifan Ajiya na Kwamfuta

Sau da yawa mai aiki da kwamfuta yakan tarar kason da Windows ke zaune a kai, watau C:, ya cika maƙil, alhali kuwa kason da ke maƙwabtaka da shi fili ne fetal. Magani shi ne a rage wa mai yalwa a ƙara wa mai ƙunci. Galibi aikin yakan ƙare lafiya, amma a cikinsa ne wasu suke asarar rubuce-rubucen shekaru, don ba su san abubuwa biyu ake taɓawa ba.

Na farko shi ne jadawalin rabo. Faifan ajiya jerin ƙananan gurabe ne masu lamba, kowanne bisa al'ada yana ɗaukar bayit 512. Babu wata katanga a jikin faifan. Abin da ake kira kaso rubutu ne kawai cikin jadawali, mai cewa daga gurbi kaza zuwa gurbi kaza. Tsohon jadawali, MBR, wanda ya fito a 1983 tare da PC DOS 2.0, kaso huɗu na asali kaɗai yake ɗauka, ƙidayarsa kuma ba ta wuce wajen terabayit 2. GPT da ya gaje shi yakan ɗauki 128, yana kuma ajiye kwafin kansa a ƙarshen faifan.

Na biyu shi ne tsarin fayiloli da aka shimfiɗa cikin kason, kamar NTFS a Windows ko ext4 a Linux. Shi ma yana da nasa lissafin, na girmansa da na inda kowane fayil yake kwance. Jadawalin rabo bai san kome game da wannan lissafi ba.

To, daga nan ƙa'idar ta fito. In ragewa za a yi, tilas a fara da tsarin fayiloli: a kwaso duk abin da ke can ƙarshe a dawo da shi ciki, a tsuke lissafin, sa'an nan a janyo iyaka. Wanda ya fara janyo iyaka ya yi kamar manomin da ya ba maƙwabci gefen gona tun hatsi yana tsaye a wurin. Abin da ya faɗa waje ya tafi ke nan da zarar an yi rubutu a kansa. In kuwa ƙarawa ce, iyaka ake fara turawa, tsarin fayiloli ya biyo baya. Manhajoji irin su GParted sukan bi wannan jeri da kansu, mai aiki da umarnin hannu shi ne ke cikin haɗari.

Tun fitowar Windows Vista a 2007 ana iya ragewa da ƙarawa daga cikin Windows kansa, sai dai da sharuɗɗa biyu masu ba mutane haushi. Ragewa takan tsaya a inda ta ci karo da fayil marar motsi, misali wanda tsarin yake juye abin da ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa. Ƙari kuma, a faifan da aka raba bisa hanyar da aka saba, ba ya yiwuwa sai filin banza yana manne da ƙarshen kason. Saboda haka wanda ya rage D: don ya ƙara wa C: sai ya ga filin ya ɓullo a bayan D:, inda C: ba ya kaiwa.

Nan ne wuri mafi tsanani, gama dole a matsar da D: ɗungurungum, ana kwashe gurabensa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har sa'o'i. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar haka, rabin kayan yana tsohon wuri, rabi yana sabo, lissafin kuwa bai dace da ko ɗaya ba. Shi ya sa ba a fara wannan mataki sai an kwafe fayiloli zuwa wani faifai dabam, an kuma buɗe su an tabbata suna karantuwa, batirin na'ura yana cike.