Ledar da muke zubarwa tana komowa cikin kifi da gishiri

Duk mahaucin da ya daɗe yana fawa a Maraɗi ko Damagaram ya san wannan: a yanka akuya ramammiya, a buɗe tumbinta, a tarar da dunƙulen leda ya cika shi, babu wurin ciyawa. To jama'a, abin da ke samun bisashenmu a gari shi ne ke samun dabbobin teku. A watan Maris na 2019, a ƙasar Filifin, wata ƙatuwar dabbar ruwa, irin wadda Faransawa ke kira balen, ta mutu a bakin teku. Da aka feɗe ta, sai da aka fitar da kilo 40 na leda da buhunan roba daga cikinta.

Wannan kenan wadda ido ke gani. Wadda ta fi tayar wa masana hankali ita ce wadda ido ba ya gani. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Rana ta gasa ta, iska da igiyar ruwa su yi ta bugun ta, sai ta yi ta marmashewa har ta koma ƙanana kamar tsakin gero, wasu ma kamar gari. Duk ɓarɓashin da bai kai milimeta 5 ba, shi ne masana ke kira mikroplastik. Wani malamin jami'ar Plymouth ta ƙasar Ingila, Richard Thompson, shi ya fito da sunan a 2004, bayan ya same shi cikin rairayin bakin teku. Kuma ba daga leda kaɗai yake fitowa ba: akwai zaren tufafin nailan da ke fita wajen wanki, da garin tayar mota da ke cinyewa bisa kwalta, da tsofaffin tarunan masunta.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, wajen tan miliyan 8 na roba suka shiga tekunan duniya daga tudu. Idan ta marmashe, ƙananan halittun ruwa su ɗauka abinci ne su haɗiye, ƙananan kifaye su ci su, manya kuma su ci ƙanana. A wani binciken da aka buga a 2013, an feɗe kifi 504 da aka kama a tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila, aka samu roba a cikin fiye da kashi ɗaya bisa uku. Dabbar da cikinta ya cika da roba ji take ta ƙoshi, alhali babu abin da ya shiga jikinta, kamar dai akuyar nan ta mahauci.

Mai karatu zai ce, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu? Ai ruwan ne ya haɗa mu. Kogin Kwara da ya ratsa Yamai, ya bi ta Gaya ya shiga Najeriya, can tekun Atlantika yake zubawa. Gulbin Maraɗi ma, idan ya kawo da damina, kogin Rima yake faɗawa, daga nan ruwan ya bi ta Sakkwato ya isa Kwara. Ledar ruwan sanyi da aka yar bakin kasuwa, ruwan sama ya ja ta zuwa magudana, ta kama hanya kenan. Masana na ƙasar Jamus sun lissafa Kwara a 2017 cikin manyan koguna goma da suka fi kai roba teku, shi da kogin Nilu daga Afirka. Binciken da ya biyo baya a 2021 ya nuna cewa koguna fiye da dubu ne ke da hannu a ciki, manya da ƙanana. Da yayyafi kogi kan cika.

Sannan abin da ya tafi yana komowa. Kifin ƙanƙara da ake saukewa a katan-katan a kasuwanninmu, daga wannan teku na Atlantika ake kamo mafi yawansa. Gishirin teku ma bai tsira ba: a 2018 masana na Koriya ta Kudu sun auna gishiri iri 39 daga ƙasashe daban-daban, suka samu ɓarɓashin roba cikin 36. A 2022, a ƙasar Holan, an auna jinin mutum 22, aka gan shi a jinin 17. Likitoci na ci gaba da auna illar da yake yi wa jikin ɗan Adam, amma babu mai cewa roba abinci ce.

Wannan ba dalili ba ne na barin cin kifi, domin kifi na gina jiki, kuma iyalai da yawa da cinikinsa suke ci. Mafi yawan robar a hanji da tumbin kifin take maƙalewa. Saboda haka, uwar gida da mai soya kifi, a cire kayan ciki sarai, a wanke da kyau kafin a sa a mai.

Ta wajen hukuma, Nijar tana da doka tun Nuwamban 2014 da ta hana ƙera baƙar leda maras kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Wanda ya zaga kasuwa da yamma ya ga abin da iska ke ratayawa bisa ƙayoyi, ya san inda dokar ta tsaya. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma cinikin kasuwanninsu bai tsaya ba. Ƙasashen duniya sun zauna a Janeba a watan Agustan 2025 don ƙulla yarjejeniya kan roba, suka tashi ba su daidaita ba.

Kafin manya su shirya, akwai abin da ke hannunmu. Mai tebur da ke ba da leda uku a kan tumatir, albasa da tattasai, kuɗinsa ne ke tafiya, ya lissafa abin da yake kashewa a wata. Mai zuwa cefane ta ɗauki kwando ko jakar zane, mai sayen koko da fura ya zo da kwanonsa kamar yadda iyayenmu ke yi. Masu saƙa kwando da faifai na kaba su ma su samu kasuwa. Ledar da ba a karɓa ba a bakin tebur, ita ce ba za ta shiga tumbin akuya ba, ba kuma za ta kai teku ba.